GANDU KO JINGA: Zaɓi Tsakanin Ma'aikatan Gida da 'Yan Kwangila a Sha'anin Ɗab'i



Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan wata matsala wadda kowace ma'aikata mai fitar da takarda takan ci karo da ita, ko ba daɗe ko ba jima. Matsalar kuwa ita ce: idan hukuma, ko makaranta, ko ƙungiya tana da littafi ko mujalla ko rahoto da take son fitarwa, shin ta ɗauki ma'aikata nata na kanta ta sayi injuna, ko kuwa ta ba wani kamfani kwangila ya yi mata? A nan Zango ba sai na wahala wajen neman misali ba, domin kowane magidanci ya san wannan lissafi tun daga gona. Akwai mai noma da gandu, watau shi da 'ya'yansa da ƙannensa, yana ciyar da su rani da damina. Akwai kuma mai ba da jinga, a yi ciniki a kan gona, a nome, ya biya, kowa ya kama gabansa. Mai gandu yana da hannuwa a duk ranar da ruwa ya sauka, amma rumbunsa ne ke ɗauke da su ko da babu aiki. Mai jinga ba ya ciyar da kowa da rani, amma ranar shuka sai ya tarar kowa na neman 'yan ƙodago a lokaci guda. To, sha'anin ɗab'i ma haka yake, kuma tarihinsa a ƙasar Hausa ya gwada mana hanyoyin nan biyu ƙuru-ƙuru.

Wallafa daban, bugawa daban

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu waɗanda jama'a sukan haɗa su. Aikin fitar da littafi hawa-hawa ne. Da farko akwai zaɓen abin da za a buga da neman wanda zai rubuta. Sa'an nan tacewa, watau gyaran harshe da ƙa'idojin rubutu da tabbatar da gaskiyar abin da aka faɗa. Sa'an nan tsara shafuka da zane-zane. Bayan haka sai bugawa a inji, da ɗinki, da yanka. Daga ƙarshe sai ajiya da rarrabawa da sayarwa. Mai wallafa shi ne wanda ya zaɓi littafin, ya tace shi, ya zuba kuɗinsa, ya ɗauki alhakin abin da ke ciki. Mai maɗaba'a kuwa shi ne mai inji da tawada da takarda. Mutum ɗaya yana iya zama duka biyun, amma ba tilas ba ne. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ta kasu: a cikin matakan nan, wanne za a riƙe a gida, wanne za a bayar waje?

Daga Hukumar Fassara zuwa Kamfanin Gaskiya

A shekarar 1929 Gwamnatin Mulkin Mallaka ta kafa Hukumar Fassara, daga bisani aka mayar da ita Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East. A 1933 aka sauya mata suna ta koma Hukumar Talifi, kuma a shekarar nan ne ta shirya gasar ƙaga labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Abin lura a nan shi ne waɗannan marubuta ba ma'aikatan Hukumar ba ne, kowanne yana wurin aikinsa. Abin da Hukumar ta riƙe a hannunta shi ne zaɓe da tacewa da daidaita rubutu. Bugawa ma a maɗaba'un wasu ake kai mata, don a lokacin ba ta da injunan kanta.

Da aka bukaci littafin karatu babba don makarantu, sai aka yi wata dabara ta tsaka-tsaki. A 1936 aka aro Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina ya zauna Zariya na wasu watanni, ya rubuta Magana Jari Ce, ya koma bakin aikinsa. Amma da aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aro bai isa ba, sai da aka ɗauke shi ɗungum ya zama edita. Dalili kuwa a fili yake. Littafi aiki ne mai farko da ƙarshe, ana iya ba da shi jinga. Jarida ba ta ƙarewa, da an fitar da wannan sai a fara shirin ta gaba, don haka sai da ɗan gandu.

Wani abin da ya ƙara tura Hukumar wajen neman maɗaba'ar kanta shi ne haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigo da su rubutun boko a shekarun 1930. A zamanin nan da baƙaƙen dalma ake haɗa shafi, kuma maɗaba'ar da ba ta mallaki waɗannan baƙaƙe ba, ba ta da hanyar buga Hausa daidai. Ga kuma bukatar masu haɗa baƙaƙe da masu duba kurakurai waɗanda suka ji harshen. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, aka tara editoci da mafassara da injuna da masu ɗinki a harabar guda. Wannan shi ne gandu cikakke, kuma ya yi amfani ƙwarai. A nan aka horar da ma'aikatan ɗab'i da 'yan jarida masu yawa na Arewa, a nan kuma ƙa'idojin rubutun Hausa suka zauna da gindinsu, saboda mutanen da ke gyara rubutu yau su ne masu gyara shi gobe.

Darasin NORLA da na NNPC

A farkon shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar NORLA don samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Hukumar nan ta fitar da littattafai masu yawa cikin Hausa da wasu harsunan Arewa, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano, da Himma ta Lardin Katsina, wanda ƙasar Daura ke cikinsa a lokacin. Ta kuma ɗauki nauyin rarrabawa da kanta. Amma a 1959 aka rufe ta, don kuɗin da take kashewa ya fi ƙarfin abin da ciniki ke kawowa. Darasin da ke nan shi ne, buga littafi ya fi sayar da shi sauƙi. Littafin da ke jibge a sito kuɗi ne aka ɗaure, ga gara ga ƙura, alhali albashin ma'aikata ba ya jiran ciniki.

A 1966 aka ɗauki wata hanya. Aka kafa kamfanin NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Kamfanin Macmillan na Ingila, ya riƙe aikin wallafa, Kamfanin Gaskiya kuwa ya tsaya a kan bugawa. Watau aka raba mai wallafa da mai inji, aka kuma jawo gwanaye daga waje a kan abin da gida ke da rauni, wato kasuwancin littattafai. Kamfanin nan ya ci moriyar bunƙasar makarantu, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, kuma gasarsa ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980.

Sai kuma zamani ya juya. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda galibinsu daga waje ake sayo su, suka yi tsada. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya cike giɓin ba. Manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa suka ja da baya daga littattafan hira, suka tsaya a kan na makaranta.

Jinga tsantsa: misalin Kano

A daidai wannan lokaci ne marubutan Kano da kewaye suka ɗauki hanya ta uku, wadda masu nazari suka kira Adabin Kasuwar Kano. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su jira wani kamfani ba. Marubuci yakan ba mai buga tafireta ko kwamfuta rubutunsa, ya ba mai zane bango, ya kai ƙaramar maɗaba'a, sa'an nan ya miƙa wa 'yan kasuwa su rarraba. Babu albashi, babu sito, babu injin da ke zaune. Ta haka littattafan Hausa suka yawaita fiye da duk abin da aka taɓa gani, suka shiga gidaje da ƙauyuka har ƙetaren iyaka cikin Jamhuriyar Nijar, kuma mata suka sami bakin magana a adabi.

Amma an biya wani farashi. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne tacewa, don shi ne wanda mai saye ba ya gani a bango. Sai ka tarar an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba na haɗewa, an zubar da lanƙwasar haruffa. Kowa a cikinku ya san bambancin baƙin Sarki da bakin Sarki, ko ƙafa da kafa, ko ya ƙare da ya kare. A labarin hira mai karatu yakan gane da kansa ya wuce. A takardar doka, ko umarnin shan magani, ko littafin 'yan aji ɗaya, ɗigon nan kaɗan yana iya jawo ɓarna. Hanya ta farko ta ba mu inganci da tsada, ta ukun ta ba mu yawa da araha, Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado.

Yadda ake lissafin

A 1937 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Ronald Coase, wanda ya sami lambar Nobel a 1991, ya yi tambaya: in dai kasuwa na iya samar da kome, me ya sa ake kafa kamfani a ɗauki ma'aikata? Amsar da ya bayar ita ce, shiga kasuwa ma tana da nata kuɗin. Neman ɗan kwangila, da ciniki, da rubuta yarjejeniya, da sa ido, da rigima in an saɓa, duk suna cin lokaci da dukiya. Idan wannan wahala ta fi ta riƙe ma'aikaci, sai a yi a gida. Idan ba ta kai ba, sai a bayar.

Bari mu kwatanta da alƙaluman da na ƙaga don misali kawai. Mu ƙaddara wata hukuma ta kafa maɗaba'a, kuma albashi da gyaran inji da man janareta da tsufan kayan aiki suna cin naira miliyan 12 a shekara, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Takarda da tawadar kowane kwafi kuma naira 300. Ɗan kwangila shi kuwa ya ce zai buga kowane kwafi a kan naira 700. Rarar da ake samu a gida ita ce naira 400 a kowane kwafi, don haka sai an buga kwafi 30,000 a shekara kafin a mayar da miliyan 12 ɗin nan. In bukatar hukumar kwafi 10,000 ce, a gida za ta kashe miliyan 15, a waje miliyan 7. In kuwa 50,000 ce, a gida miliyan 27, a waje miliyan 35. Inji kamar doki yake, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci harawa. Kuskuren da aka fi yi a ofisoshinmu shi ne a kwatanta naira 300 da naira 700 a ce gida ya fi araha, a manta da albashi don daga wani aljihun gwamnati yake fita.

Wannan lissafi ne ya sa har manyan gidajen wallafa na duniya suka rabu da injunansu. Kamfanin wallafa na Jami'ar Oxford, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana buga littattafansa da kansa, ya rufe babbar maɗaba'arsa a 1989, ya kuma rufe ragowar sashen bugawa a 2021. Na Jami'ar Cambridge ya sayar da tasa maɗaba'ar a 2012. Amma ku lura da abin da suka riƙe: zaɓen abin da za a wallafa da sunansu bai bar hannunsu ba.

Sai dai kuɗi ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Akwai lokaci, akwai kuma asiri. A ranar 2 ga Afrilu, 2011, an riga an fara zaɓen Majalisar Tarayya a wasu wurare sai Shugaban Hukumar Zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar da ɗagewa, saboda takardun rubuta sakamako da aka ba da kwangilarsu ba su iso a kan lokaci ba. Ƙasa guda ta tsaya cik saboda jinkirin ɗan jinga. Irin wannan tunani ne ya sa tun 1963 Nijeriya ta kafa kamfaninta na buga kuɗi da muhimman takardu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya shafe mu a ƙasar Daura

To, mu dawo gida. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, watau Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, da makarantu da kwalejojin da ke cikinsu, kowace tana da bukatar takardu: rasit na kasuwa, da katin asibiti, da takardun jarrabawa, da rahoton shekara, da ƙasidun faɗakarwa a kan noma da lafiya. A ganina da wuya a sami ɗaya daga cikinsu wadda aikinta shi kaɗai zai ciyar da babban inji shekara guda. Shawarata ita ce a auna kowane aiki da tambayoyi huɗu.

Ta farko, aikin nan kullum ne ko jefi-jefi? Na kullum, irin takardun ofis da sanarwa, ƙaramin injin kwamfuta a gida ya isa, domin shi ba ya bukatar a yi faranti kafin a buga. Littafi mai kwafi dubbai kuwa na babban inji ne, inda kuɗin faranti ke rarrabuwa a kan kwafi masu yawa, don haka a kai shi Katsina ko Kano ko Zariya ko Kaduna.

Ta biyu, in asirinsa ya fita, mece ce ɓarnar? Takardar jarrabawa da rasit na haraji ba kamar kalanda ba ne. Jarrabawa ko dai a buga ta a gida a hannun mutum biyu ko uku da aka sani, ko kuwa jami'i ya tsaya a kan injin har a gama, a lalata farantin da gurɓatattun shafuka a gabansa. Rasit kuwa a ba shi lambobi a jere, a ƙirga a rubuta, don kada a wayi gari rasit iri biyu na yawo a kasuwa guda.

Ta uku, gwanintar da aikin ke bukata ana samunta a kasuwa? Masu inji suna da yawa, amma wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, ya kuma san manufar hukumar, ba a samunsa a bakin titi. Saboda haka in ma'aikaci ɗaya tak za ku iya ɗauka, ku ɗauki edita. Haruffa masu lanƙwasa suna cikin kwamfuta da wayar hannu a yau, ba wanda ke da uzurin baƙaƙen dalma, sai dai ana bukatar mai idon da zai tabbatar an sa su.

Ta huɗu, wa zai sa ido? Mai ba da jinga da bai san noma ba, sai a nome masa bakin hanya a bar tsakiyar gona. Hukumar da ta sallami duk masu sanin ɗab'i ba za ta iya gane takarda mai nauyi da marar nauyi ba, balle ta yi ciniki. Dokar sayen kayan gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta ɗora kwangila a kan gasa a fili, amma gasa ba ta da amfani in ba a bayyana abin da ake so dalla-dalla ba. A rubuta girman shafi, da nauyin takarda, da irin ɗinki, da yawan kwafi, da ranar kawowa, da tarar jinkiri. Kada a buga sai jami'i ya duba gwajin ƙarshe ya sa hannu, kada kuma a biya cikon kuɗi sai an ƙirga kaya. A rubuta cewa haƙƙin mallaka na hukuma ne, kuma a karɓo kwafin aikin na kwamfuta a ajiye, in ba haka ba duk ranar da za a sake bugu sai an koma wa mutum ɗaya ya yanka farashin da ya so. A kuma nemi lambar littafi daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, a kai masa kwafin da doka ta tanada.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye ba, tun da da ma'aikatan hukuma nake magana. Kowace hanya tana da tata ƙofar cuta. A gandu, akan ɗauki mutane don alfarma, takarda ta riƙa ɓacewa a sito, injin hukuma ya koma buga katin biki da dare. A jinga kuma, akan ƙara farashi a raba, ko a ba wanda ba shi da ko injin yanka takarda, shi kuma ya sayar da aikin ga wani. Canja hanya ba ya maganin wannan, sai riƙon amana da binciken littattafan kuɗi a kai a kai.

Kammalawa

Ya Shugaba, abin da tarihin Zariya da na Kano suka nuna mana shi ne, inji ana iya hayarsa, amma hukunci a kan abin da za a faɗa wa jama'a da yadda za a rubuta shi ba a ba da shi haya. Hukumar Talifi ta fitar da littattafan da har yanzu ake karantawa tun ba ta da maɗaba'a, domin ta riƙe tacewa. NORLA ta riƙe kusan kome, ciniki ya kāsa ɗaukarta. Ga ma'aikata, ina roƙon kafin a sa hannu a takardar sayen inji ko ta kwangila, a zauna a yi lissafin da muka yi ɗazu da alƙaluman gaskiya na ofishinku. Ga ɗalibai kuma, ku sani aikin edita da na mai duba kurakurai da na mafassari sana'a ce mai ci, kuma ƙasar nan tana ƙarancin masu ita. In ƙananan hukumominmu da kwalejojinmu za su haɗa kai su riƙe 'yan editoci ƙwararru su kuma riƙa haɗa aikinsu wuri guda su ba da shi, za su sami rahusar mai yawa da ingancin mai gandu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.